Tsohon Babur da Hannun Dogo

Zuwa ga Baba Maiguduma,

Assalamu alaikum. Ina fara neman gafararku a kan ƙarfin halin da na yi na rubuto muku, alhali ba ku san ni ba, kuma ba wanda ya aike ni. Na yaga takarda fiye da ɗaya kafin na bar wannan. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Gwaggo da kuke zaune a wurinta da yaranta.

Ni ce babbar 'yar Dogo, yaronku da kuka koya wa aikin fanibita da fenti. Ina makarantar sakandare. An ce kun taɓa ɗaukata ina jaririya, kuka ce hancina yana buƙatar guduma kaɗan. Na so in buga waya, sai Umma ta ce kunnuwanku sun daina ɗaukar magana, shi ya sa na ba direban motar kayan da ke bi ta wajenku wannan takarda.

Ban sani ba ko labari ya iso muku. Jak ɗin ɗaga mota ya zame a gareji, mota ta danne wa Babanmu hannun dama. An yi masa aiki, ƙashi ya haɗe, mun gode Allah. Amma yatsun sun sandare, kuma ya ce tafin kamar ba nasa ba ne. Likita ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce in bai motsa hannun ba zai ƙage a haka. Ƙwallon tana ƙarƙashin gado. Ya ce shi ba yaro ba ne. Kullum yana zaune a baranda, hannun a cikin aljihu, ko rediyo ba ya kunnawa.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne, ya kira mai sayen tsoffin ƙarafa. Ya ce ya zo ya kwashe akwatin gudumominsa, ya haɗa da tsohon babur ɗin nan da kuka ba shi ranar da kuka yaye shi. Babur ɗin ya daɗe a ɗakin ajiya. Tankin ya lotse ta gefe, madigadin gaba ya karkace, tsatsa ta ci fentin har ba a gane launinsa. Shekara da shekaru Babanmu yana cewa in ya sami lokaci zai mai da shi sabo. Yanzu ga lokacin.

Na roƙe shi ya bar min babur ɗin zuwa ƙarshen hutu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce wa mutumin ya dawo in hutu ya zo ƙarshe. Na kwance tankin da kaina, na wanke, na ajiye a tsakar gida. Daga nan ban san abin da ake yi ba. Tunanina shi ne, in ya ga babur ɗin ya yi kyau, wataƙila ya ji nauyin sayar da gudumomin. In sun fita daga gidan nan, na san Babanmu ba zai sake komawa gareji ba.

Don Allah in ba takura, ku faɗa min ta inda ake farawa. Ina da saurin koyo in an rubuta min.

Ku huta lafiya.
'Yar Dogo

*

Jikalle,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo. Rubutunki ya fi na ubanki, shi da ko lambar mota sai ya kwafe ta a karkace. Ki daina ce min Baba Maiguduma kamar mai neman aiki. Kaka za ki ce. Batun hanci kuwa ina nan a kan bakana sai na gani da idona.

Na ji abin da ya sami Dogo. Gwaggonki ta ga na ajiye cokali, ta tambaya, na ce yaji ne ya shiga min ido.

To ga aiki. A cikin akwatinsa za ki ga gwangwanin fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi, da ɗan bututun maganin da ke sa shi ya daskare. Kwaɓa da yawa. Kada ki wahalar da kanki da kankare tsatsa, yaɓa a kanta kawai, da kauri, yadda magini ke yaɓa siminti. In ya bushe ki ɗauki samfefa ki goge da kan yatsunki, kina zagayawa kamar mai wanke tukunya.

Sharaɗi biyu. Ki yi aikin a inda haske ya fi, kuma a sanina babu inda ya kai gaban baranda haske a gidanku. Sannan kada ki ce ni na koya miki. In ya yi magana ki ce to, ki ci gaba da abinki.

Ki gai da uwarki. Ki ce mata har yanzu ban manta da shayin da ta ba ni ba sukari ba.

Kakanki

*

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da godiya. Umma tana gaishe ku, ta ce likita ne ya hana ku sukari, ba ita ba.

Kaka, ban san yadda zan tsara wannan wasiƙa ba, don haka zan faɗi abin yadda ya faru.

Na kwafe umarninku a tsanake, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin muhimman wurare. Na shimfiɗa buhu a gaban baranda, na ɗora tankin. Da na fara kwaɓa fila, Babanmu ya kalli gwangwanin, ya kalle ni, ya kau da kai. Da na fara yaɓawa sai na ji tsaki. Ya tashi ya shiga ɗaki. Bai daɗe ba ya fito. Ya sake zama.

Washegari na zo gogewa da yatsu, ina zagayawa yadda kuka ce. Ban yi nisa ba ya ce, "Ke, me kike yi haka?"

Na ce, "Gyara nake yi, Baba."

Ya ce, "Gyara? A kan tsatsa kika yaɓa wannan tulin?"

Na ce to, na ci gaba da abina. Wallahi ban taɓa yi masa haka ba.

Umma tana shanya ta ce, "Ka bar yarinya mana. Ba kai ka ce na bola ba ne?"

Ya ce, "Na bola ne, amma ba a gabana za a ci masa mutunci ba."

Sai ga shi ya sauko daga baranda ya durƙusa kusa da ni. Ya sa na ɗauko masa abin kankara, ya riƙe da hagu, abin ya ƙi. Ban ankara ba na ga ya zaro hannun dama daga aljihu. Abin kankarar ya suɓuce ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Umma ta juya mana baya tana ta gyara zanin da ta riga ta shanya. Daga baya ya sa na naɗe ƙotar da tsumma har ta yi kauri yadda yatsunsa za su iya kamawa. Duk abin da na yaɓa sai da muka ɓamɓare shi.

Yana yi yana faɗa. Wai tsatsa sai an bi ta har ƙarfe ya yi fari, in ba haka ba za ta ci gaba da ci ta ƙarƙashi, wata rana fenti ya kumbura. Wai fila siriri ake shafawa, a bari ya bushe, a ƙara. Wai ba a guga da yatsu, don kowane yatsa rami yake haƙawa, a jikin katako ake naɗa samfefa a ja dogo. Ya ce, "Wane maƙiyin ƙarfe ne ya koya miki wannan?"

A nan na karya sharaɗinku, ku yafe min. Raina ne ya ɓaci da aka zage ku. Na ce, "Ai wanda ya koya maka ne ya koya min." Ya ce, "Wa?" Na kawo masa takardarku.

Ya karanta. Sai ya fara dariya, har da tari, har Umma ta kawo ruwa. Tun da ya dawo daga asibiti ba mu ji wannan dariyar ba. Ya ce, "Tsohon nan! Da ni na yi haka a garejinsa, da guduma zai bi ni har titi."

Kaka, ashe da gangan kuka koya min ba daidai ba? Na ji kunya ƙwarai, musamman da na tuna jan biron. Amma yau da safe shi ya tashe ni, wai rana tana yi, madigadi yana jira. Ya ce in saka muku tasa takardar a cikin tawa. Da hannun dama ya rubuta, kuma ya hana ni taimaka masa.

Taku cikin ladabi,
'Yar Dogo

*

Maigida,

Gaisuwa da ban girma. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne.

Na ga aikinka. Ka sa 'yata ta ɓata min rabin gwangwanin fila. Ka ci nasara, na taɓa ƙarfe.

Amma kai ka san gaskiya. Riƙe guduma ba shi ne aiki ba. Kai ka ce min ido maƙaryaci ne, hannu ke ganin lotsawa. Na shafa tankin nan, ban ji komai ba. Kamar na sa safar hannu ta fata. Fanibitan da ba ya jin ƙarfe, a kan me zai karɓi motar mutane?

Zan taya yarinya ta gama, don ta sa rai. Mai ƙarafa kuma yana nan zuwa. Kada ka gaya mata, ko da yake na san ta karanta kafin ta liƙe.

Yaronka,
Dogo

*

Jikalle,

Ki yafe wa tsoho. Da na gaya miki dabarar, da Dogo ya karanta ta a goshinki tun kafin ki buɗe gwangwani. Ku 'yan makaranta fuskarku allo ce. Shi kuwa na san shi. Ko yana kan gadon asibiti, in aka ɓata aiki a gabansa sai ya sauko. Jan bironki bai tafi a banza ba.

Wannan karon gaskiya zan faɗa, na rantse. Ki karanta masa da ƙarfi, ya ji da kunnuwan da Allah ya bar masa.

Dogo, kai sakarai ne, amma ba laifinka ba ne, ni ma na yi. Ka san da kunne nake aiki. In ƙarfe ya koma mazauninsa, kukan guduma yana canjawa. Da kunnen ya tafi, na rufe kaina a ɗaki ina fushi da kowa, har da kyanwa. Ranar da na koma na buga, sai na tarar ƙotar guduma tana gaya wa gwiwar hannuna abin da kunne yake gaya min a da. Ta daɗe tana faɗa, ni ne ban saurara ba. Na ƙara shekaru ina aiki a haka, kana wurin, ko ka taɓa ganewa?

Ga hankicina nan a cikin ambulan. Wankakke ne, gwaggonki shaida. Yatsu ƙura suke ji, da gumi, da kaushin samfefa. Lotsawa kuwa tudun tafin hannu ke jin ta, can kusa da wuyan hannu, in hannu ya hau ya sauka. A shimfiɗa hankicin a kan tanki, ya ɗora tafinsa a kai, ya rufe ido, ya ja a hankali daga gaba zuwa baya. Ƙyallen zai sa hannun ya zame ba tare da fata ta kama ba.

Ke kuma jikalle, ki goge tankin iya ƙoƙarinki, har sai kin yarda babu sauran aibu. Kada ki bar masa wani wuri da gangan don ya samu. Zai gane, kuma daga nan ba zai sake yarda da mu ba. In bai ji komai ba, to bai ji ba, mu san abin yi. Ba na yi muku alkawarin abin da ba a hannuna yake ba.

Allah ya ba da lafiya.

Kakanki

*

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Ku gafarce ni da jinkirin amsa, na so sai ina da abin faɗa.

Na karanta masa takardarku. Da na zo wurin "sakarai" na tsallake, ya ce, "Karanta duka, na san yana ciki." Bayan na gama ya karɓi hankicin ya sa a aljihu. Kwanaki yana yawo da shi. Mun daidaita madigadi, ni ina riƙe ƙarfen da ake tokarawa ta ciki, shi yana bugawa kaɗan-kaɗan, in hannun ya gaji ya tsoma a ruwan ɗumi. Mun goge murfin gefe. Tanki kuwa ya bar min shi, ko kallonsa ba ya yi. Umma ta ce min a kicin, "Tsoro yake ji. Muddin bai gwada ba, yana da sauran fata. Kada ki matsa masa."

Na yi yadda kuka ce. Na shafa fila siriri, na goge da katako, na fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, na sake gogewa. Na duba a rana, na duba a inuwa, na shafa da hannuna mai lafiya. Ko allon gilashi bai fi shi santsi ba. Har na fara jin haushin kaina, don na ga ban bar masa abin da zai samu ba.

Ranar da mai ƙarafa ya ce zai zo, da safe, na ɗauko gwangwanin fenti na ce, "Baba, na gama, zan fesa launi."

Ya ce, "Wa ya duba miki?"

Na ce, "Ni na duba."

Ya ce, "Ke kika yi, ke kika duba, ke kika ba kanki maki. Haka ake yi a makarantarku?"

Ya zauna a kan buhu, ya ɗora tankin a cinya. Ya daɗe yana ninke hankicin yana warwarewa. Sannan ya shimfiɗa, ya ɗora hannun, ya rufe ido. Ya ja ta gefen dama. Ya sake ja. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, ni kuwa na ji kamar in gudu ɗaki. Ya juya tankin ya ja ta hagu, gefen da bai taɓa lotsewa ba, wanda ban sa masa fila ba ko kaɗan. Hannun ya wuce, ya tsaya, ya dawo baya.

Ya ce, "Nan."

Na ce, "Baba, ba nan ne wurin lotsawar ba."

Ya ce, "Na sani. Nan."

Na shafa, ban ji komai ba. Gaskiya na ɗauka so yake ya ji, shi ya sa ya ji. Shi ma ina jin bai yarda da kansa ba, don ya ce in kawo baƙin fenti a gwada. Ya sa na fesa sama-sama kamar hayaƙi, ya bushe, na ja katako a kai. Baƙin ya goge ko'ina, ya bar tabo guda ɗaya, bai fi girman babban yatsa ba, daidai inda ya nuna, alamar wurin ya ɗan lotse. Ya ce wurin da gwiwarku take dannawa ne in kuna shan kwana, tun kuna hawan babur ɗin.

Ya kalli tabon, ya kalli tafinsa. Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Na yunƙura, Umma ta riƙe min riga. Ita ma idonta ya cika, amma cewa ta yi, "Ke, kin bar gwangwani a buɗe."

Da mai ƙarafa ya zo da kurarsa ta ɗaukar kaya, Babanmu ya fito ya ba shi tsohon salansa da wata ruɓaɓɓiyar sarƙa. Mutumin ya ce, "Ina akwatin?" Babanmu ya ce, "Wane akwati?" Mutumin ya ce, "Haba Dogo, saboda wannan na turo kura tun daga bakin titi?" Sai da aka ba shi shayi ya huce.

Ba zan ce muku komai ya warware ba. Ƙananan yatsu biyu har yanzu ba sa ji, kuma hannun yana kumbura in ya yi aiki da yawa. Amma na ga ƙwallon roba ta fito daga ƙarƙashin gado. Ya ce wai ɓera ne ya turo ta.

Kaka, ban san kalmar da zan gode muku da ita ba. Na duba duk waɗanda na sani, sun yi min kaɗan.

Taku,
'Yar Dogo

*

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Gajeriya ce yau, direba yana jira a ƙofa.

An fesa launi. Shuɗi ne mai duhu, Babanmu ya ce haka yake ranar da kuka miƙa masa makulli. Shi ya ja farin layin gefen tanki da kansa. Ya ɗan karkace a ƙarshe, na ce a gyara, ya ce a bar shi. Wurin gwiwarku ma ya hana a cike. Ya ce wannan ba lotsawa ba ce.

Ya fara leƙa gareji da safe. Bai karɓi mota ba tukuna, amma yaran suna kawo masa ƙofa ko bonet ya shafa. Babur ɗin kuwa ba zai hau ba sai ranar da hannun ya iya matse birki sosai. Ya ce ranar, wurinku zai fara zuwa, ni a baya, ku ga hancin da idonku. Hankicin ya ce ba zai dawo ba, ku nemi wani.

An koma makaranta, aikin kuma ya ƙare, don haka ba ni da sauran tambayar fenti da zan fake da ita. Duk da haka, in ba zan dame ku ba, kun yarda in riƙa rubuto muku haka kawai?

Jikarku,
'Yar Dogo